Goge Asusu da Riƙe Bayanai a Intanet

Goge asusu shi ne mutum ya nemi kamfanin da ke da wata manhaja ya rufe masa asusu, ya kuma share bayanan da ke tattare da shi. Riƙe bayanai kuwa shi ne ci gaba da ajiye waɗannan bayanai da kamfanin ke yi bayan an nemi a goge, ko don tsarin aikinsa ko don doka ta tilasta masa.

Abubuwa uku ne jama'a ke yawan haɗawa. Cire manhaja daga waya ba ya taɓa asusu ko kaɗan, komai na nan a rumbun kamfani. Dakatar da asusu ɓoye shi yake yi daga idon mutane, ranar da mai shi ya koma sai ya tarar da kayansa. Gogewa ce kaɗai ke sa a share, ita ma ba nan take ba. Facebook da Instagram suna jinkirta kwana 30 ko mutum zai sake shawara, kuma share kwafin da ke rumbun ajiya na iya kai kwana 90. A X (tsohon Twitter) ma sai asusu ya yi kwana 30 a dakace kafin a goge shi. Saƙon da ka riga ka tura wa wani kuwa yana nan a wayarsa, haka ma hoton da wani ya ɗauka daga fuskar waya.

A Tarayyar Turai, dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018 ta bai wa mutum haƙƙin neman a share bayanansa. A Najeriya hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai a watan Yuni 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta kuma tabbatar da wannan haƙƙi. Sai dai haƙƙin yana da iyaka. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su riƙe bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwa har shekara biyu, saboda bincike.

A Kano matsalar ta fi fitowa fili a cinikin waya. A kasuwar waya ta Farm Centre da shagunan titin Beirut, wayoyi na canza hannu dare da rana. Mutum zai cire layinsa da memori, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, alhali Gmail da Facebook ɗinsa a buɗe suke a ciki, da hotunan iyali da lambobin abokan ciniki. Wannan sakaci ne mai tsada, musamman ga mata masu saida kaya ta WhatsApp, domin da sunansu ake damfarar kwastomominsu. Ya kamata mai sayarwa ya fita daga kowane asusu, sannan ya mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani kafin ya miƙa ta.

Akwai kuma batun layin da aka yasar. Idan layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na sake sayar da lambar ga wani, kuma lambar sirrin shiga duk asusun da ke jingine da ita wurin sabon mai layin za ta riƙa zuwa. Don haka ake sauya lamba a cikin asusu, ko a goge shi, tun layin yana hannu.