Ƙayar wardi ba ta hana darɓa

Masu lambun fure da yawa sun ɗauka cewa wardi mai yawan ƙaya shi ya fi tsira daga darɓa. Ƙaya tana iya rage ɓarnar awaki da barewa, amma darɓa ba ta damu da ita ba. Ƙwaron da tsawonsa bai wuce milimita 4 ba yana taruwa ne a kan sabon toho da ƙullin fure, inda ƙayar ma ba ta yi ƙwari ba.

Faɗan yana cikin jikin tsiron. Darɓa tana cusa bakinta mai kamar allura tsakanin ƙwayoyin ganye har ta kai bututun da ke ɗauke da ruwan sukari. Da zarar an huda bututun, tsiro yakan tura wasu furotin su toshe ramin. Ita kuma darɓa tana zuba yawu mai nata furotin da ke warware toshewar. Tsiro yana da wasu makaman: furotin da ke dagula mata narkar da abinci, da sinadaran da ke taurara bangon ƙwayar ganye. Tsiron da ke saurin gane yawun ya mai da martani yakan fi jurewa.

A tumatir ma an gano ƙwayar gado mai suna Mi-1.2 da ke yin wannan aikin ganewa.

Jurewa dai ba ta nufin darɓa ba za ta sauka ba, yaɗuwarta ce ke raguwa. Yawan takin zamani kuwa yana ƙara mata abinci.