Gidan Chatsworth

Chatsworth katafaren gidan masu sarauta ne a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, a bakin kogin Derwent, kusa da garin Bakewell. Gidan gado ne na zuriyar Cavendish, masu riƙe da sarautar Duke na Devonshire. A yau duk wanda ya biya kuɗin ƙofa yana iya shiga ya zaga wasu ɗakunansa da lambunsa.

Sir William Cavendish da matarsa Bess ta Hardwick ne suka sayi filin a 1549, suka kafa gidan farko. A cikinsa aka sha tsare Sarauniya Mary ta Skotlan tun daga 1570, lokacin da take hannun Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Ginin da ake gani yanzu kuwa an fara shi ne a 1687, sa'ad da magajin gidan, wanda aka naɗa Duke na farko a 1694, ya shiga rushe tsohon yana sake shi ɓangare-ɓangare har zuwa 1707. Daga baya Lancelot Brown, gwanin tsara lambuna, ya tsara faffaɗan filin da ke kewaye da gidan, inda tumaki da barewa ke kiwo har gobe.

Lambun, mai faɗin eka 105, shi ya fi komai daraja a wurin, kuma sunan mutum ɗaya ne ya rinjaya a tarihinsa: Joseph Paxton, ɗan manomi da Duke na shida ya ba shugabancin masu aikin lambu a 1826, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Paxton ya gina ɗakin gilashi na renon tsire-tsiren ƙasashe masu zafi, wanda ba shi da na biyu a girma a zamaninsa. Da aka ji Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya zai zo a 1844, ya haƙa tafki a kan tudun da ke bayan gidan, ya jawo ruwan ta bututu zuwa ƙasa, nauyin ruwan kaɗai ya riƙa feso shi sama kusan mita 90, babu inji babu famfo. Sarkin bai iso Chatsworth ba, amma mafesar ruwan tana aiki har yanzu. A wannan lambun ne kuma Paxton ya reni ayabar da aka raɗa wa suna Cavendish, irin da ta mamaye cinikin ayaba tsakanin ƙasashe a yau. Ɗakin gilashin bai tsira ba: an rushe shi a 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jawo ƙarancin ma'aikata da gawayin ɗumama shi.

Kyan wurin bai zo wa talakawan yankin a arha ba. A zamanin Duke na shida aka tashi yawancin ƙauyen Edensor, aka sake gina shi a inda ba a hango shi daga gidan.

Babbar girgizar ta zo a 1950, da Duke na goma ya rasu ba zato, gwamnati ta yanka harajin gado na kashi 80 cikin ɗari a kan dukiyar. Aka sayar da filaye, aka miƙa wa gwamnati wasu zane-zane masu tsada da wani gidan iyalin mai suna Hardwick Hall. Duke na sha ɗaya da matarsa Deborah suka dage wajen mayar da Chatsworth wurin da zai ciyar da kansa da kuɗin baƙi, suka buɗe garken dabbobi domin yara da kantin kayan gona. A 1981 aka damƙa gidan da lambun haya na shekara 99 ga wata ƙungiyar amana, Chatsworth House Trust. Iyalin suna nan zaune a wani sashe na gidan, suna biyan ƙungiyar kuɗin haya.