Hali da Basirar Zuciya a Binciken Ilimin Halayyar Ɗan'adam

Hali, a wurin masana ilimin halayyar ɗan'adam, shi ne yanayin tunani da ji da aiki wanda yake bin mutum tsawon rayuwarsa har ya bambanta shi da waninsa. Basirar zuciya kuwa ita ce iya gane abin da ke motsi a ran mutum da ran abokin hulɗarsa, fushi ne ko tsoro ko murna, tare da iya sarrafa shi. Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne, kuma tambayoyi biyu da bincike ya fi daɗewa a kansu su ne ko zanen nan yana aunuwa, da ko da gaske ba ya kankaruwa.

Asali

Likitocin Girka na dā, Bukratu a wajen ƙarni na 5 kafin miladiyya da Jalinusu a ƙarni na 2 bayanta, sun danganta ɗabi'a da ruwaye huɗu na jiki, wato jini da majina da ruwan madaciya iri biyu. Ibn Sina da sauran likitocin Musulunci sun gaji wannan fahimta, wadda take danganta ruwayen da zafi da sanyi, danshi da bushewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya kan cewa hali yana gyaruwa da horo, domin da ba haka ba da wa'azi da tarbiyya ba su da amfani.

Binciken zamani ya faro ne daga ƙamus, kuma wannan abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa. A 1884 Francis Galton na Ingila ya kawo ra'ayin cewa duk halin da ya dami al'umma sai ta ba shi suna a harshenta. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert na Amurka suka tsefe ƙamus na Ingilishi, suka fitar da kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su, daga ciki suka ware wajen 4,500 masu nuna hali mai ɗorewa. Raymond Cattell ya tace su ta hanyar lissafi zuwa rukunai 16 a shekarun 1940. A 1961 Ernest Tupes da Raymond Christal, masu bincike a rundunar sojin saman Amurka, suka ga rukunai biyar ne kawai suke ta maimaituwa, amma rahotonsu ya daɗe bai samu masu karatu ba. Sai a shekarun 1980, ta hannun Lewis Goldberg da kuma Paul Costa da Robert McCrae, tsarin ya kafu da sunan Manyan Halaye Biyar.

Halayen su ne son sabon abu da faɗin tunani, himma da tsari a aiki, fara'a da son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, sai saurin damuwa. Kowane ɗaya ma'auni ne mai baki biyu, kuma yawancin mutane a tsakiya suke. Daga baya Michael Ashton da Kibeom Lee suka ƙara na shida, gaskiya da tawali'u, bayan nazarin wasu harsuna.

Binciken tagwaye ya nuna gado yana ɗaukar kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane. An kuma ga cewa himma da natsuwa suna ƙaruwa da shekaru, musamman daga 20 zuwa 40, lokacin da ake cewa hankali ya game jikin mutum. Walter Mischel ya yi suka a 1968 cewa wuri da yanayi sun fi hali iko da abin da mutum zai aikata. Yawancin masana yanzu suna lissafa duka biyun.

Basirar zuciya

Edward Thorndike ya yi maganar basirar zama da mutane tun 1920. Sunan basirar zuciya da ake amfani da shi yau ya ɗan bayyana a rubuce-rubuce a wajen shekarun 1960, amma Peter Salovey da John Mayer ne suka fayyace shi a 1990, sannan littafin Daniel Goleman na 1995 ya yaɗa shi duniya. A 1997 Mayer da Salovey suka kasa shi huɗu: gane motsin rai a fuska da murya, amfani da shi wajen tunani, fahimtar dalilinsa da yadda yake juyawa, da kuma sarrafa shi. Dagacin da yake sulhu tsakanin manomi da makiyayi bayan shanu sun shiga gona kafin girbi yana aiki da huɗun nan a zama ɗaya, haka ma dillali a karar shanu ta Wudil ko Maigatari, wanda yake karanta fuskar mai saye kafin a yi sallama.

Akwai saɓani kan ko basira ce ta daban ko wani ɓangare ne na hali. Iƙirarin cewa ta fi kaifin ƙwaƙwalwa tasiri ga nasarar mutum bai samu goyon bayan bincike ba.

A ƙasar Hausa

Hausa tana da nata taswirar hali. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma na mutumin kirki: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan dukansu suna magana ne kan zaman mutum da wasu, ba kan abin da ke cikinsa shi kaɗai ba. A ƙauyukan Kano da Jigawa, binciken da iyaye suke yi kafin su ba da aure awon hali ne na gaske, sai dai maƙwabta da abokan sana'a ake tambaya, ba mai halin ba.

Nan ne ma'aunan da aka ɗauko daga waje suke samun cikas, domin galibinsu takardar tambayoyi ce da mutum zai cika game da kansa, alhali yabon kai jahilci ne a tarbiyyar Bahaushe. Amaryar da ba ta ɗaga murya gaban surukanta, ko uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya take yi, ba ƙin mutane ba, kuma ita ce mai raha in ta shiga cikin ƙawayenta wajen sussuka. Wani nazari na Jeffrey Arnett a 2008 ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke. A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa sun gwada ma'aunin Manyan Halaye Biyar a cikin 'yan ƙabilar Tsimane, manoma kuma mafarauta a Bolibiya, halayen biyar ba su fito yadda aka saba ba. A Afirka ta Kudu masana sun koma kan hanyar farko, suka tattara kalmomin siffanta mutum daga bakin jama'a a harsunan ƙasar 11, kuma halayen zamantakewa sun ɗauki wuri mafi faɗi fiye da wanda tsarin biyar ya ba su.