Haggis: abincin da gori ya mayar abin alfahari

Duk shekara idan 25 ga Janairu ta ƙarato, ranar da mutanen Sikotlan ke tunawa da mawaƙinsu Robert Burns, sai tsohuwar gardama ta farfaɗo: shin haggis, abincin da suke ci a wannan rana, nasu ne, ko na Ingila? A 2009 ta yi zafi sosai, lokacin da wata masaniyar tarihin abinci, Catherine Brown, ta nuna cewa an ambaci haggis a littafin girkin Gervase Markham na Ingila tun 1615. Wasu suka ji kamar an yi musu fashi da rana tsaka.

Haggis dai kayan cikin tunkiya ne: huhu da hanta da zuciya, a daddatsa su, a haɗa da kitse da albasa da garin wani hatsi da suke kira ots, a ɗura a cikin tumbi, a ɗinke, a dafa. Kalmar ta bayyana a rubutun girki na Ingila tun wajen 1430. A Sikotlan kuwa, tana cikin waƙar zambon da William Dunbar ya yi wa Walter Kennedy, wadda aka buga a 1508, inda ya ce masa gungumen rataya na hangame baki yana jiransa kamar yadda shi yake hangame wa "haggeis", ya kuma kira shi shirwa mai yunwa. Wasu masana na danganta kalmar da "hag", wato sara ko datsa, wasu kuma da Faransanci.

Ke nan ɓangarorin biyu duk sun ci shi. Abin da masu gardama ke tsallakewa shi ne ƙarni na 18. Bayan haɗewar ƙasashen biyu a 1707, 'yan Sikotlan suka yi ta kwarara Landan neman aiki da kasuwanci. A daidai wannan lokacin masu hali a Ingila suna alfahari da gasasshen naman sa, kayan ciki kuma suka koma abincin talaka. Sai abin da kowa ke ci jiya ya zama abin yi wa baƙi gori. Gorin ya yi yawa har ya shiga ƙamus: wani ƙamusin Turanci na 1755 ya bayyana ots da cewa hatsi ne da ake ba dawaki a Ingila, amma a Sikotlan shi ke ciyar da mutane. A ganina nan ne ma'anar kalmar ta juya. Ba Sikotlan ce ta ƙwace haggis ba, jefa mata shi aka yi.

Wannan gorin Burns, ɗan manomi, ya tarar a 1786 da ya rubuta waƙarsa ga haggis. Bai kare shi da kunya ba, sarauta ya ba shi a kan duk dangin abincin da ake ɗurawa a tumbi, ya yi wa masu rainon ciki da girkin Faransa dariyar siraran ƙafafunsu. Ya rasu a 1796. Bayan shekara biyar, a 1801, abokansa suka taru a gidan da aka haife shi a Alloway, aka ajiye musu haggis, aka karanta waƙar a kansa kafin a sa wuƙa.