Siriri ma yana iya samun kitse a jini

A makon jiya wani mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa ya shigo wurinmu riƙe da takardar gwajin jini, ransa a ɓace. Dogo ne siriri, ko alamar tumbi babu. Ya ce, "Malama, ina jin an haɗa jinina da na wani. Dube ni fa, ina kitsen yake?" Takardar ta nuna kolestarol ɗinsa, wato kitsen jini, ya wuce giram 2 a kowace lita nesa ba kusa ba, alhali ƙasa da haka ake so. Na ce, "Alhaji, mahaifinka yana raye?" Ya ce ya rasu bai cika hamsin ba, faɗuwa ya yi a gona, kafin a kai shi gida rai ya yi halinsa.

Wannan amsar ta fi takardar tayar mini da hankali, kuma ita ta sa na zauna rubuta wannan.

Abin da muke kira kitse a jini daban yake da kitsen da ake gani a ciki ko a wuya. Kolestarol wani maiƙo ne da jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin jiki, da shi hanta ke haɗa ruwan madaciya. Yawancinsa ma hanta ce ke yinsa, abinci ƙari ne kawai. To amma maiƙo ba ya narkewa a ruwa, kowace mai girki ta san haka. Saboda haka Allah Ya sanya wasu ƙananan ƙofofi a bangon ƙwayoyin hanji da na hanta, wasu na shigar da shi, wasu na fitar da shi. Kowace ƙofa akwai ƙwayar gado da ke tsara ta, kuma daga uwa da uba muke karɓo ta.

Ɓera ne ya taimaka aka gano ɗaya daga cikin manyansu. A 2004 masu bincike a Amurka suka bi ƙwayoyin gadon da ke aiki a ƙaramin hanjin ɓeran gwaji, suka samo ƙofar da ake kira NPC1L1, wadda ke zuƙo kolestarol daga abinci zuwa cikin jiki. Mu ma muna da irinta. Maganin ezetimibe da likita kan rubuta, aikinsa ke nan, ya toshe wannan ƙofa. Akwai wasu biyu, ABCG5 da ABCG8, masu tura rarar waje ta hanji da madaciya. Ita kuwa ABCA1 tana ɗora kolestarol a kan wani ɗan dako a jini mai suna HDL, wanda ke kwashe shi daga sassan jiki ya mayar wa hanta. Shi ya sa ake son HDL ya yi yawa, LDL kuma, wani ɗan dakon mai liƙewa a hanyoyin jini, ya yi ƙasa.

Sai dai a lura, jikin ɓera da namu ba ɗaya ba ne, wani nau'in ɓeran ma ko jakar madaciya ba shi da ita. Duk maganin kirki sai an gwada shi a kan mutane kafin a amince da shi. Don haka idan mai tallar garin magani a tasha ya ce maka "an gwada a kan ɓeraye, yana narkar da kitse", wannan bai isa hujja ba.

Mutum biyu za su ci tsire a faranti ɗaya, jinin ɗaya lafiya lau, na ɗayan ya cika da maiƙo, domin abin da suka gada ya bambanta. Kusan mutum 1 cikin 250 zuwa 300 ana haihuwarsa da hantar da ba ta iya janye LDL daga jini yadda ya kamata. Ba ya jin ciwo ko kaɗan. Shekara da shekaru hanyar jini na tsukewa, sai ranar da zuciya ta buga ko ɓarin jiki ya shanye, a ce jifa ne ko iska. Wani lokaci akan ga ɗigon rawaya a fatar ido, ko kulluɓa a agara, amma yawanci gwaji ne kaɗai ke nunawa.

Idan a gidanku wani ya yi irin wannan rasuwa da ƙuruciyarsa, ko kana da hawan jini ko ciwon suga, ko kana shan taba, je ka a auna. In an samu, 'yan'uwanka na ciki ɗaya da 'ya'yanka su ma a duba su.

Abinci yana da nasa rabo, kuma alhamdu lillahi ƙasarmu ba ta rasa mai kyau ba. Gero, dawa, wake, kuɓewa, kuka da zogale suna rage abin da hanji ke zuƙa. Kifin Lagdo da na Binuwai ya fi kitsen rago da man shanu. Mata masu suyar ƙosai, don Allah a daina maimaita mai har ya yi baƙi. Kuma rubutun da ke jikin galan cewa man ba shi da kolestarol kada ya ruɗe ku: duk man tsiro haka yake, na gyaɗa, na auduga, har manja, amma manja yana da irin kitsen da ke ɗaga LDL idan ya yi yawa. A rage hawa babur a tafiyar da ƙafa za ta iya, minti 30 a yini, kwana 5 a mako.

Wanda nasa na gado ne, gyaran abinci kaɗai da wuya ya wadatar. Yana buƙatar magani kullum, kada ya ajiye don ya ji garau. Alhajin nan ya fara shan nasa, kuma ya yi alkawarin kawo ƙannensa biyu ranar Litinin.