Cire yanar ido ba tare da likitan sa barci ba: me ake nufi?

Wanda ya ji haka zai iya ɗauka za a tsaga wa mutum ido yana jin zafin wuƙa. Ba haka ba ne. Ana kashe zafin, sai dai ba a sa mutum barci, kuma babu likita na musamman da ke tsaye kansa domin wannan. Likitan ido da ma'aikatan jinya ne ke ɗaukar nauyin komai, majinyaci ya koma gida a ranar.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne aikin ya ƙanƙance. A 1967 likitan ido Charles Kelman na Amurka ya ƙirƙiro hanyar farfasa yanar da na'ura mai karkarwa a tsotse ta. Yau tsagar ba ta cika wuce milimita 3 ba, ta nan ake zura ɗan gilashin roba ya maye gurbin na cikin ido da ya dushe ya zama yana, galibi cikin ƙasa da rabin sa'a. Irin wannan aiki, ɗigon maganin kashe zafi a ido ya ishe shi. Mutum na farke, yana jin magana, yana ganin haske.

To, akwai hatsari? Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya bibiyi ayyuka sama da 21,000 da aka yi ta wannan tsari a cibiyoyin lafiya na Kaiser Permanente da ke jihar Kolorado ta Amurka, ba a samu wanda ransa ya shiga hatsari ba. Sai dai a lura, zaɓen majinyatan aka yi, kuma a ganina nan ne maganar take. Yaro ƙarami, da tsohon da ruɗewa ta kama, da mai karkarwar kai, da wanda tari ko ciwon zuciya ba ya barinsa ya kwanta rigingine, duk ba nasu ba ne. Motsi ɗaya a lokacin da ƙarfe ke cikin ido na iya jawo asarar gani.

Hanyar kashe zafin ma da bambanci. Allurar da ake sokawa bayan ƙwayar ido tana iya huda idon, ko ta sa jini ya taru, ko kuma, a lokuta ƙalilan, maganin ya kai ga ƙwaƙwalwa numfashi ya tsaya. Maganin kwantar da hankali ta jijiya shi ma yana rage numfashi. Inda za a yi ɗayan waɗannan, sai da wanda ya iya farfaɗo da mutum a kusa.

Ko ɗigo kawai za a yi, yawancin masu yanar ido tsofaffi ne, da hawan jini da ciwon sukari. Dole a sami ma'aikacin da ke lura da bugun zuciya da iskar da ke cikin jini har a gama, da kayan agajin gaggawa a ɗakin, da asibitin da za a garzaya da majinyaci idan abu ya rikice.