Maganin homon: me ake nufi da shi, kuma me ya haɗa shi da ƙiba da rama?

Kalmar homon ta baro ɗakin likita ta shiga bakin jama'a. A Kano yanzu mace za ta ce al'adarta ta rikice, likita ya ce homon ɗinta ne. Masu tallan magani a Facebook da TikTok kuwa kullum suna rantsuwa cewa garin da suke sayarwa yana daidaita homon. Kaɗan ne ke tsayawa su faɗi mene ne shi.

Homon sinadari ne da jiki ke haɗawa da kansa a wasu ƙananan gaɓoɓi, ya zuba shi cikin jini, jini ya kai shi wani sashe can nesa. Ɗan aike ne: ba shi ke yin aikin ba, umarni yake kaiwa. Wani masanin Ingila, Ernest Starling, shi ya raɗa masa wannan suna a 1905. Insulin da masu ciwon suga suka sani homon ne, an gano shi a birnin Toronto na Kanada a 1921. Gaɓar da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ma homon take fitarwa, wanda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Sai guda biyu da suka fi shafar zancenmu: istirojin, wanda ya fi yawa a jikin mace, da testostaron, wanda ya fi yawa a jikin namiji. Kowane ɗan Adam yana da duka biyun, a yawa ne suka bambanta.

Maganin homon kuwa shi ne a ba jiki homon daga waje, ko a toshe wanda yake fitarwa. Ana yi wa matan da suka daina haila in zafin jiki da gumin dare suka dame su. Ana yi wa mazan da kansar ƙarƙashin mafitsara ta kama, da wasu daga cikin waɗanda aka haifa mata-maza. Ana kuma yi wa masu sauya jinsi, kuma a nan ne tambayar ƙiba da rama ta fi yawan tasowa.

Mai sauya jinsin da ake nufi a nan ita ce wadda aka haifa da halittar namiji amma take jin kanta mace, take son jikinta ya bi yadda take ji. Ba ɗaya take da mata-maza ba, duk da ana yawan haɗa su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan yanayi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a kundin da ta amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a 2022. A ƙasashen da likitoci ke kula da irin waɗannan mutane, magani biyu ake haɗawa: istirojin, a ƙwaya ko allura ko ɗan mannin fata, da kuma wanda zai danne testostaron. A Amurka an fi ba da sipironolakton, a ƙasashen Turai da dama saifuroteron.

To me yake yi wa nauyin jiki? Ba ya rage ƙiba. Wannan ne abin da ya kamata a fara sani. Testostaron ke gina tsoka, yana kuma tara kitse a tumbi. Istirojin yana tura kitse ƙugu da cinyoyi da ƙirji. Idan aka danne na farko aka ɗaga na biyu, tsoka za ta ragu, kitse ya ƙaru, wurin zamansa ya sauya. Jagorar da ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta fitar a 2017 ta ce sauyin yakan fara bayyana cikin wata 3 zuwa 6, ba ya kuma kai ƙarshe sai bayan shekara 2 zuwa 3. A shekarar ce kuma masu bincike a Amsterdam suka tattara sakamakon nazarce-nazarce 10, suka ga cewa a matsakaici nauyi ya ƙaru da kilo 1.8, kitse da kilo 3, abin da ba kitse ba, wanda yawancinsa tsoka ce, ya ragu da kilo 2.4. Tsoka ta fi kitse cin abinci ko mutum yana zaune. Da zarar ta ragu, malmalar tuwon da jiki ya saba ƙonawa sai ta bar saura.

Akwai wata shawara da ke yawo a intanet: wai a rame sosai tukuna, sannan a fara magani a sake yin ƙiba, don sabon kitse ya sauka inda ake so. Ba ta cikin abin da jagororin likitoci suka tanada, kuma ni tana ba ni tsoro. Mai ƙin jikinta tun farko tana da sauƙin faɗawa cikin horon kai da yunwa, kuma masu sauya jinsi suna cikin waɗanda matsalar ƙin cin abinci ta fi kamawa. Jikin da ke cikin yunwa ba shi da abin da zai gina sabon fasali da shi. Ƙashi ma yana yin rauni.

Inda rage nauyi yake da amfani na gaske shi ne wajen jini. Istirojin, musamman na haɗiya, yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma gudan jinin na iya ɓallewa ya toshe huhu. Ƙiba tana ƙara wannan haɗari, taba sigari ma haka. Shi ya sa likita zai auna nauyi da tsawo. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 90 tana da ma'aunin ƙiba 31, ta haye 30 ke nan, iyakar da ake cewa ƙiba ta yi yawa. Wannan ba ya hana magani kai tsaye, amma yakan sa a zaɓi mannin fata maimakon ƙwaya. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa ragi. A sassauta wa lemon kwalba da shayi mai suga, a rage gurasa da farar shinkafa, a ƙara wake da ƙwai da awara da kifi da kwaɗon zogale, a kuma riƙa motsa jiki don kada tsoka ta zube gaba ɗaya.

Sipironolakton ma yana yaudarar ma'auni. Asalinsa maganin sa fitsari ne, don haka kilon da ya sauka a makonnin farko ruwa ne. A zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ake haye digiri 40, ko a cikin azumi, yana iya jawo jiri da faɗuwa, yana kuma ɗaga sinadarin fotasiyam a jini har ya taɓa bugun zuciya.

Kowa ya san inda muke. Kano tana kan shari'ar Musulunci tun 2000, akwai Hisbah, akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi, kuma jumhurun malamai ba su halatta sauya jinsi ba sai ga mata-maza. Ba a wannan rubutu za a warware wancan ba. Abin da ke damuna shi ne abin da tsoro ke haifarwa: mutum ya guji asibiti ya koma wa mai kemis. Wasu ƙwayar tazarar haihuwa suke sha, alhali nau'in istirojin da ke cikin yawancinta shi ne wanda likitoci suka daina ba masu sauya jinsi saboda yawan daskarar da jini. Wasu su haɗa da sha-ka-fashe don neman ƙugu. Dekzametason da ake samu a irin wannan haɗi kwaikwayon wani homon ne daban: yana kumbura fuska da tumbi, ya tsotse hannu da ƙafa, ya tayar da suga da hawan jini. Garin neman ƙiba a samo rama. 'Yan matanmu da amare da ke shan sa suna cikin wannan haɗari daidai wa daida.

Wasu sauye-sauyen ba sa komawa. Nono in ya fito ya fito, haihuwa na iya tsayawa har abada, murya kuwa istirojin ba ya sauya ta ko kaɗan. Saifuroteron yana iya taɓa hanta, kuma a 2020 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi saboda wani ƙari da ke fitowa a rufin ƙwaƙwalwa.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin da suka ƙware kan homon, kuma riƙe sirrin majiyyaci yana cikin ƙa'idar aikin likita. Duk mai shan irin waɗannan magunguna, ko da wane dalili, tana buƙatar awon hawan jini da suga da ƙoda da hanta. A shekarar farko jagorar ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta ce duk wata 3. Idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, a tafi sashen gaggawa nan take, a ɗauki kwalin maganin a tafi da shi, a faɗa wa likita adadin da ake sha da ranar da aka fara.